Ragowar Labandar Yaya

Asabar, 6 ga Yuli

Jiya aka ba da dogon hutu. Yau da hantsi mijin Yaya ya kawo mini Tsuntsuwa, za ta yi sati uku a wurina. Wata tara ke nan da rasuwar Yaya, Allah ya jiƙanta, kuma ya ce tun ranar yarinyar ba ta sake ambaton uwarta ba, ko sau ɗaya. Ya ja ni gefe a bakin mota, wai ni ce malama, ni na san kan yara, in gwada ko za ta buɗe baki. Na ce ya bar mini. Da ƙarfin gwiwa ma na faɗa, kamar ina gaban iyayen ɗalibai.

Shekararta goma sha biyar. Ta yi tsawo, ta rame. Uwarta ce ta sa mata Tsuntsuwa saboda ba ta cin abin kirki. Gaisuwa kawai ta yi, ta shige ɗaki.

Kafin ya tafi ya miƙo mini kwali, kayan kicin ɗin Yaya da ya kasa taɓawa. A ciki akwai kwalbar busasshen furen labanda, wani fure mai ƙamshi wanda ta shuka a tukwane a barandarta, ta shanya da hannunta. Shukokin duk sun bushe bayanta, wannan ce kaɗai ta rage. Ina buɗe murfin na ji kamar ta gifta ta bayana. Na waiwaya. Wallahi na waiwaya.

Lahadi, 7 ga Yuli

A ƙasan kwalin na tsinci tsohon ambulan, a bayansa rubutun Yaya mai kwanciya gefe. Haɗin lemon nan nata ne na lokacin zafi, mai ruwan shuɗi-shuɗi, wanda duk na je wurinta sai na shanye jug guda tana zagina.

Ruwa kofi huɗu, sukari rabin kofi, a tafasa. A sauke. Labanda cokali biyu, na'a-na'a damƙi ɗaya. A rufe da faranti. A tace. Lemun tsami biyu, ƙanƙara.

A rufe minti nawa? Ba ta rubuta ba. Yaya ke nan. Ni da nake rage wa ɗalibai maki in sun manta da lokaci a rahoton gwaji, ga 'yar'uwata ciki ɗaya.

Na auna abin da ke kwalbar: cokali shida cif. Gwaji uku. Tunanina shi ne in yarinyar nan ta ji ɗanɗanon hannun uwarta, wani abu zai kunce. In na ɓata ukun, shi ke nan, babu inda zan samo wata.

Talata, 9 ga Yuli

Na duba a waya. Wani ya ce minti biyar, wani ya ce rabin awa. Na raba musu gardama, na yi ashirin. Launin ya fito sosai da na matsa lemun tsami, har na yi murna. Sai na kurɓa. Ɗaci, da wani bauri a bayan harshe kamar na lashi sabulun wanka.

Tsuntsuwa ta ɗan taɓa da leɓe ta ce, "Sannu da aiki, Anti." Daga baya na ji ta juye kofin a wurin wanke-wanke, ta saki famfo don kar in ji.

Saura huɗu.

Alhamis, 11 ga Yuli

Tarin Tsuntsuwa irin na uwarta ne. Sau biyu yau ina amsawa daga kicin, ba kowa ya kira ni ba.

Juma'a, 12 ga Yuli

Wautata. Ai da sai in fara koyo da labandar kanti. Na sayo ƙulli a wurin mai kayan ƙamshi, na jera kofuna biyar, na manna wa kowanne takarda: minti biyar, takwas, goma, sha biyu, sha biyar. Maƙwabciyata nas ta shigo aron dutsen guga, na tsare ta sai ta ɗanɗana duka. Ta ce ita dai marasa lafiyarta sun fi ta gata, su magani ɗaya ake ba su. Na goma ta zaɓa, wai shi ne bai sa ta tuna banɗaki ba.

Matsalar, ta kanti ta fi ta Yaya ƙarfi, ko a hanci. Duk da haka zan tafi a kan goma.

Asabar, 13 ga Yuli

Wajen ƙarfe huɗu na kama kaina riƙe da waya ina kallonta. Ban san lokacin da na ɗauko ta ba.

Duk Asabar ta lokacin zafi, ƙarfe huɗu, Yaya takan kira. Ba wata magana. Kyanwar maƙwabta ta haihu a kwandon wanki, tela ya ɓata mata riga, na ci abinci kuwa? Ina cikin ba ta labari sai ta katse ni ta ce, "To je ki, Malama, kar ɗalibanki su mutu," ta kashe. Abin yakan ba ni haushi. Ita ta kira, ita ta kore ni.

Bara na soma darasin Asabar kyauta ga 'yan ajin ƙarshe, daga biyu zuwa shida. Waya a jaka, a kashe mata sauti. Talatin da ɗaya cikin talatin da huɗu suka ci jarrabawa. Ina yawan faɗa wa kaina wannan adadin.

Laraba, 17 ga Yuli

Na ɓata na biyu, kuma da hannuna.

Komai na tafiya daidai. Tsuntsuwa har ta tsaya a bakin ƙofar kicin tana kallo, karo na farko. Na sauke tukunya, na zuba, na kifa faranti. Sai ga kiran wata tsohuwar ɗalibata, tana kuka, ba ta samu gurbin karatun da ta nema ba. Me zan yi? Na fita baranda ina lallashinta, ina zayyana mata inda za ta sake nema. Da na dawo an yi minti ashirin da biyar.

Na tace haka nan. Tsuntsuwa ta karɓi kofin da kanta, ta kurɓa, ta daɗe da shi a baki.

"Irin na bara ne," in ji ta.

Ni da hankalina sai na washe baki, na ce alhamdu lillahi, ashe mun samo shi. Ta dube ni wani irin kallo, ta ajiye kofin a hankali ta fita. Na sha nawa. Ɗaci ne zalla.

Saura biyu.

Alhamis, 18 ga Yuli

Muna ninke wanki na tambaye ta. Ba da muryar aji ba, don na lura muryar nan ba ta aiki a gidan nan. Na ce Mama da ɗaci take yin sa?

Ta ci gaba da ninke zanen gado kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Mama ba ta duba agogo. In ta kifa farantin sai ta kira ki. In ta kashe wayar sai ta tace."

Na zauna a bakin gado.

Na ce, bara fa?

"Bara ba kya ɗauka. Sai ta zauna a kujerar kicin ta ce mu ba Malama minti biyu, yanzu za ta kira. Har ya huce."

Ta ce haka suke shan sa da ɗacinsa, uwar tana ƙara sukari tana dariya, wai laifin lemun tsami ne. A lokacin ta riga ta san sakamakon asibiti. Ta hana kowa gaya mini, wai ina da yara masu jarrabawa, sai an gama. Nakan kira ta kuwa, ran Lahadi ko Litinin, a gurguje, ina maki da ɗaya hannun.

"Ba ta taɓa jin haushinki ba, Anti," in ji ta. "Ni ce nake ji."

Ina da maganar da nake gaya wa yara a kan kowace irin damuwa. Yau na lalube kaina kaf, babu. Na ce tana da gaskiya. Muka ƙarasa ninkin.

Juma'a, 19 ga Yuli

Na tono tsohuwar wayata a durowa na sa mata caji. Ban taɓa goge komai a cikinta ba. Asabar ɗin shekaran bara: minti bakwai da 'yan daƙiƙu, shida da hamsin, bakwai da rabi, bakwai. Ashe ni ce agogon. Shekara nawa ana auna shi da surutuna ban sani ba.

Na bara duk ja ne, kiran da ban ɗauka ba. Asabar tara a jere. Wata ranar sau uku.

Gidan yana ƙamshin labanda, alhali kwalbar a rufe take gam.

Asabar, 20 ga Yuli

Na ce mata yau ƙarfe huɗu zan yi na ƙarshe, in ta ga dama ta taya ni, in ba ta so kuma a bar cokali biyun nan a kwalba har abada, nata ne. Huɗu saura kwata na same ta a kicin tana tsinke na'a-na'a. Ta ce Mama murza ganyen take yi a tafin hannu, ba ta yankawa da wuƙa. Wannan ma ba ya cikin ambulan.

Ita ta karkaɗe kwalbar. Na kifa faranti, na ɗauko waya zan saita minti bakwai, ta ce a'a. Ta wuce ɗakinta ta ja ƙofa. Ina tsaye ban gane ba, sai wayar ta yi ruri a hannuna.

Na ɗauka. "Malama, kin ci abinci kuwa?"

Muryar. Ta waya babu bambanci ko kaɗan tsakanin Tsuntsuwa da Yaya.

Ta yi ta magana. Yadda Mama ke yi wa tukwanen labanda faɗa in sun ƙi fure. Yadda take ɓoye ƙanƙara a bayan firji don kar Baba ya ƙarar. Ranar da gashinta ya soma zuba ta ce dama kitso ya ishe ta. Tana dariya, tana jan hanci. Na soma ba ta labarin ranar da Yaya ta yi wa wata yarinya duka saboda ni a firamare, ina tsakiyar labarin ta katse ni: "To je ki tace."

Na duba daga baya. Minti bakwai da daƙiƙa goma.

Ƙamshi ne ya fara zuwa, sannan sanyin na'a-na'a, tsamin a ƙarshe. Babu ɗaci. Ta sha kofi biyu a tsaye, hawaye na sauka cikin kofin. Na ce ya yi? Ta ce na Mama ya fi sanyi. Na ƙara mata ƙanƙara. Muka zauna a ƙasan kicin har jug ɗin ya ƙare.

Asabar, 27 ga Yuli

Babanta ya zo ya ɗauke ta. Tun kafin ya tada mota ta soma ba shi labarin ƙanƙarar bayan firji. Ya leƙo ta taga yana kallona. Ta tafi da ambulan da rabin ƙullin ta kanti, ta bar mini kwalbar. Ban wanke ta ba.

Asabar, 3 ga Agusta

Shugaban makaranta ya kira kan darasin Asabar na zango mai zuwa. Na ce da safe za a riƙa yi, a tashi kafin azahar. Ya tambayi dalili, na ce yara sun fi fahimta da safe. Gaskiya ne ai, kowa ya sani.

Na buɗe kwalbar ɗazu. Har yanzu da ƙamshi. Ban waiwaya ba, ko dai ɗan kaɗan.

Huɗu saura biyar. Na ajiye jan biro. Wayar tana kan tebur, na ƙure mata sauti, don kawai kar wani ɗalibi ya neme ni ya rasa.

Ga ta nan tana ruri.