Zobban da Suke Ƙanƙancewa a Hanya

Agege, Legas
Lahadi, 18 ga Maris, 2001

Zuwa ga Baffana Ɗanbaba, Unguwar Maƙera, Ɗambatta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Iyatu da dukkan mutanen gida. Barkanmu da Sallah, ko da yake ta wuce da kusan mako biyu. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana, ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan. Soyayyen naman layya da kuka aiko ya iso lafiya, na gode ƙwarai. Ni ma lafiyata ƙalau, sai ɗan ramewa da na yi, kuma dalilinta ne ya sa na zauna rubutu.

Baffa, a takardata ta watan Disamba na ce maka na samu aiki. Ina so in gyara wannan magana, domin ba daidai take ba. Abin da na samu gwaji ne na wata uku, daga 18 ga Disamba zuwa Juma'ar da ta wuce. In sun gamsu su riƙe ni, in ba su gamsu ba in kama gabana. Ban faɗa ba a lokacin saboda na ji Inna ta riga ta raba waina a unguwa. Yanzu da ranar ta wuce zan ba ka labarin daga farko. In Yaya Radiyya ce ke karanta maka, ina roƙon ta kada ta tsallake lambobin, domin a cikinsu maganar take.

Masana'antar tana Ogba, danfo ɗaya, wato bas ɗin haya, daga nan, minti ashirin da biyar in babu cunkoso, ko da yake ban taɓa ganin ranar da babu ba. Injin da aka ɗora ni a kai na sassaƙar ƙarfe ne, ana ce masa CNC, girmansa ya kai rabin zauren maƙerarmu. Yakan damƙe sandar ƙarfe ya juya ta da gudu, wuƙaƙe takwas su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna fere ta. Ba a sa hannu in yana aiki, rufe ƙofa ake yi a leƙa ta gilashi. Nawa aikin shi ne in rubuta masa umarni layi-layi da lambobi: wace wuƙa ce, ta taso daga ina, ta tsaya a ina, da wane irin gudu. Ba shi da hankali ko kaɗan. In ka manta ɗigo ɗaya, ka rubuta ɗari a inda kake nufin goma, ba zai ɗago ya harare ka ba kamar yadda kake yi mana in mun yi shirme. Zai soka wuƙar a jikinsa ne da iya ƙarfinsa. Shugaban sashenmu, Oga Lasisi, ɗan Ilori ne mai jin Hausa. Ranar farko ya nuna mini wani tabo a cikin injin, ya ce wannan sa hannun wanda na gada ne, kuma in ina son gaisawa da shi yana nan yana okada, wato acaɓa, a Mushin.

Ranar Alhamis 8 ga wata aka ba ni aikin da za a yanke mini hukunci a kansa: zobba ɗari da ashirin na alminiyam, wanda kuke kira sanholo, na wani injin cika kwalabe. Faɗin kowanne milimita tamanin. An yarda ya ƙaru ko ya ragu da 0.02 kawai, abin da bai kai sulusin kaurin gashin kai ba. Umarnin ya kama layi saba'in da huɗu, na karanta shi sau tara. Na sa injin ya yi aikin a iska, babu ƙarfe a bakinsa, har sau huɗu, sai da Oga ya zo ya tambaye ni ko zobban iska aka yi oda. Na zaɓi wuƙaƙe masu kaifi sosai, domin sanholo yana da danƙo, yana liƙe wa bakin wuƙa kamar tuwon da bai nuna ba. Na auna tsawon kowacce na shigar wa injin, na sake aunawa.

Abu ɗaya na yi wanda ba ya cikin littafi. Akwai wani ruwa fari kamar tsala da ke fesowa a kan ƙarfen yana sanyaya shi. In an buɗe shi sosai yakan lulluɓe gilashin, ba ka ganin komai sai dai ka ji ƙara. Ni kuma tun da aka nuna mini tabon nan ba na samun natsuwa in ban ga inda wuƙa take ba. Sai na rage famfon ya koma ɗan tsiyaya. A ganina taka-tsantsan na yi.

Ranar Juma'a na yi guda goma. Zobe na fitowa, kafin in ƙirga biyar na sa masa ma'auni, don kada a ce na yi sakaci. In ya ɗan fi, in rage wa injin. Goman nan duk tamanin cif. Na jera su a faranti na kai ɗakin bincike da kaina. Ɗakin na Madam Titi ne, wata mata mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya, kuma nan ne kaɗai ake da na'urar sanyaya ɗaki a duk masana'antar. Ba ta gaggawa, sai ta gama abin da ke gabanta. Bayan awa uku ta aiko da farantin, kowane zobe da jan fenti a jikinsa: 79.96. In zobe ya yi girma ana iya mayar da shi a rage. In ya ƙanƙance, ya mutu ke nan, sai a jefa shi jan duro inda ake zuba ɓarɓashi.

Na je na ce mata cikin ladabi ko za a duba ma'auninta. Ta cire tabarau na ido ta sa na wuya ta dube ni, ta ce ma'aunin nan yana aiki a kamfanin tun ina shan kunun firamare, kuma bai taɓa yi mata ƙarya ba, amma 'yan makaranta sun sha yi. Duk da haka muka gwada nawa da nata a kan ƙarfen gwaji, suka zo daidai. Ranar Litinin na canza wuƙa, na sake bin layukan da fensir, na yi goma sha biyu. Duk jan fenti. Sai na fara zargin ana musanya mini su a hanya, alhali ni nake ɗaukar farantin, kuma tsakanin injin da ɗakinta taki talatin da takwas ne. Ranar Talata na yi wa kowanne alama a ciki da allura, na karanta Ayatul Kursiyyu a kan farantin, na zauna a bakin ƙofarta ban motsa ba. Guda tara, da alamata a jikinsu, duk 79.96. Jimla talatin da ɗaya. Da yamma Oga ya kira ni ya ce sandunan da suka rage na zobe ɗari da ashirin da biyu ne, ba za a sayo wasu ba, kuma Juma'a Juma'a ce. Ya ƙara da cewa surukinsa yana ba da hayar babur, in ina so ya yi mini magana.

Akwai mai gadin ƙofarmu, Boubacar, wani dattijo mutumin Damagaram, yana kirana Mushe Injiniya, wato Malam Injiniya da Faransancinsu. Tun kafin in zo, al'adar wurin ita ce duk abin da ya faɗa jan duro nasa ne. Yakan kwashe ya kai wa 'yan garinsu masu zubin tukwane a bayan layin dogo nan Agege, shi ma da can sana'arsa ke nan. Ranar Laraba bayan Azahar ina tsaye gaban injin na kasa danna komai, sai ga shi da butarsa a hannu, shi da ban taɓa ganin ya shigo ciki ba. Ya ce ya ji wurin mai abinci wai jibi za a sallame ni, gaskiya ne? Na ce da alama. Ya ce in yanka masa guda ɗaya ya gani. Na ce biyu kacal nake da su na rara. Ya ce to ai saura ɗaya ke nan, in yanka. Na yanka, na auna, tamanin cif. Ya karɓa ya kai kusa da kumatunsa, ya tsiyaya masa ruwan buta, ya ajiye shi a ƙasa cikin inuwa, ya ja ni bakin ƙofa ya ce ba zan taɓa shi ba sai na sha shayi kofi uku. Da muka dawo na auna, 79.97.

Ya ce kowace tukunya in ta huce sai ta ja jiki ta saki ƙasar da aka zuba ta a ciki, ya tambaye ni ko a lakwal ɗinmu, wato makaranta, ba a koyar da wannan. Baffa, ana koyarwa. A darasin nan na fi kowa maki a ajinmu. Sanholo yana buɗewa kashi ashirin da uku cikin miliyan a kowane digiri na zafi. A nan tsaye na buga lissafin: tamanin sau wannan, sau digiri ashirin da biyu da ke tsakanin zobe mai zafi da ɗakin Madam Titi, ya ba ni 0.04 daidai. Ni na rage ruwa, ƙarfe ya yi zafi ya kumbura, na auna shi da zafinsa, na kuma rage wa injin da hannuna. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne shekara shida na yi ina yi maka zuga, ina kallo kana sa wa bakin ƙota zobe da zafinsa, ya huce ya damƙe.

Na tambaye shi tun yaushe ya gane. Ya ce tun Juma'a, ya hango ni ta taga ina jujjuya zobe daga hannu zuwa hannu ina hura yatsuna, ina kuma auna shi a hakan. Na ce to me ya hana shi magana. Ya ce bai dace gardi, wato mai gadi, ya gyara wa mai takarda aiki a gaban mutane ba, kuma shi bai san ana korar mai takarda ba. Na ce shi ke nan dalilin? Ya daɗe yana juya shayi tsakanin kofuna, sannan ya ce ɓarɓashi in an narka shi rabi ƙonewa yake yi, amma zobban nan nawa, Allah ya yi mini albarka, narkewa suke kamar man shanu. Wai da ma ya yi niyyar gaya mini ranar Alhamis, in na murfin tukunya ya taru.

Daga nan na buɗe ruwan har ƙarshe. Gilashi ya yi fari fat, na tsaya da yatsa a kan jan maɓallin tsayarwa ina sauraren injin kamar mai jinya. Kowane zobe sai ya huta kafin in auna shi. Na aro ma'aunin zafi wurin Madam Titi na gwada shi da kumatun Boubacar sau shida, ya dace sau biyar, na shidan ma ma'aunin nake zargi. Da yammacin Alhamis ɗari da ashirin sun cika. Ranar Juma'a ta auna su duka, babu jan fenti ko ɗaya, wanda ya fi kaucewa shi ne 80.01. Oga ya tambaye ni yadda na gano, na faɗa masa Boubacar ne ya nuna mini. Bai tambaye ni tun yaushe Boubacar ya sani ba, ni ma ban faɗa ba. Na yi ta nazarin wannan, a iya fahimtata ba ƙarya ba ce, amma in kana ganin akwai gyara ka sanar da ni. Oga dai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya sa hannu a takardata da ƙarfe huɗu da minti goma. An riƙe ni, Baffa. Yanzu ana iya gaya wa kowa. Sai dai ya rubuta a jikin injin da manyan baƙaƙe cewa zoben farko na kowace safiya a fara kai shi bakin ƙofa wurin Boubacar.

Jiya Asabar Boubacar ya yi sallama a ɗakina ɗauke da sabuwar tukunya. Ya ce tawa ce, gumina ne, shi zubawa kawai ya yi. Na ɗora ta a sikelin mai nama, kilo biyar da ɗigo takwas. Ba ta da murfi. Ya ce laifin tausayinsa ne, da ya daure kwana ɗaya da ta fito cikakkiya. Ya'u direban motar shanu zai taso jibi Talata, shi zai kawo maka ita tare da wannan takarda, a ba Inna. Ko za a gaya mata da abin da aka yi ta, na bar maka.

Ka gaishe mini da Inna Iyatu, da Yaya Radiyya da maigidanta, da Gwaggo Kande, da Baballe da sauran abokan aikinka a maƙera, da Malam Liman. Ina neman addu'arku, domin makon gobe za a ba ni tagulla.

Roƙona na ƙarshe, in gwiwa ta bari, ka ƙera wa tukunyar murfi. Faɗin bakinta milimita ɗari uku da goma sha biyu. Na san ba da milimita kake aiki ba, don haka na yanko waya daidai faɗin na saka a ciki. Na auna sau uku, kuma sai da ta kwana ta huce.

Ɗanka mai biyayya,
Sadisu