Rumfar Mutlaƙ tana hannuna

Assalamu alaikum Ummu Rakan. Don Allah ki taimake ni da amsa kafin Alhamis ta sama, domin in ranar ta zo ban ji daga gare ki ba, abin da zuciyata ta shirya shi zan yi, kuma ba alheri ta shirya ba.

Ni mutumin Hafarul Batin ne, na yi ritaya daga hukumar ruwa. Abu biyu suka rage mini a duniya bayan iyali: hamada da tsuntsuwata. Da ruwan farko ya sauka nake ɗaura karafan, wato ɗakin nan mai taya da ake ja, a bayan mota in bar gari, a cikinsa nake kwana, a ƙofarsa nake karɓar baƙi har zafi ya koro mu gida. Tsuntsuwar kuwa shaho ce, sunanta Wasmiyya. Tun tana ƙarama na horar da ita, a hannuna kaɗai take cin nama, 'ya'yana ma cewa suke ita ce auta. Wanda bai taɓa kiwon shaho ba zai ce na cika surutu a kan tsuntsu, to shi ya sani.

Saboda ita na shiga neman rumfa. Da can bargo nake ɗaurawa tsakanin mota da karafan don ta samu inuwa da tsakar rana. Bara na ce bari in yi abin mutunci, in sayi irin wadda ake kafawa a jikin karafan, a buɗe a naɗe. Mai shagon ya auna tsawon karafan ɗina, ya ƙwanƙwasa bangon, ya ce ƙarama ta mita uku ce daidai da ni, mai wani ƙarfe da ake juyawa da hannu, mai ƙafafu biyu da ake kafewa a ƙasa. Na yarda. Har na sa hannu a aljihu sai ga Mutlaƙ, ɗan baffana, wanda ba ni na gayyace shi ba. Ya dube ta ya kwashe da dariya a gaban mutane: “Haba Abu Sattam, wannan ai laima ce. In baƙi huɗu suka zo, na huɗun a rana zai sha gahawa? So kake a ce jikan Jazza ya fara auna inuwarsa da kamu?” Jazza ɗin nan kakanmu ne. Kin san mu, a kira mutum ɓarawo ya fi sauƙi a kan a kira shi marowaci. Na fito da mai mita shida, mai lantarki, marar ƙafa, wadda nauyinta duka a bango yake rataye.

Mai shagon ya ce in kawo musu karafan ɗin su kafa. Ya ce bangon ba komai ba ne sai fallen gwangwani da soso, dole a lalubo haƙarƙarin ƙarfe da ke ciki, a huda har ya ɓulla, a sa faifan ƙarfe ta ciki a ɗaure da noti. Nan ma Mutlaƙ ya tsoma baki. Wai ga maza a gida za a kai wa bare aiki, wai hudawa za ta ɓata mini bangon ciki. Ya zo da akwatin kayan aikinsa, tsakanin Azahar da La'asar ya gama, da wasu gajerun sukurori da ba su kai gaɓar yatsa ba. Ya daki rumfar da tafin hannu ya ce, “Wannan ko raƙumi ka rataya ba za ta motsa ba.”

Ranar da abin ya faru surukan ɗana ne suka zo mini yini. Mun yanka rago, an shimfiɗa darduma a ƙarƙashin rumfa, Wasmiyya tana kan turkenta a gefe, an rufe mata kai da hular fata, ƙafarta a ɗaure kamar kullum. Sai shamal, iskar arewan nan mai ƙarfi, ta fara kaɗawa. Na ji tamfol ɗin yana bugawa, na ga hannun rumfar yana sama yana ƙasa, na miƙe zan danna maɓalli in naɗe ta. Mutlaƙ ya riƙe mini tsintsiyar hannu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: “Ba a naɗe inuwa a kan baƙo. Kakanka ya taɓa sauke tanti da baƙo a ciki?” Baƙi suka yi murmushi. Na koma na zauna. Ban gama zuba gahawa ta biyu ba iska ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga rumfar, ta fizge ta daga bango har da fallen gwangwani, ta mako ta ƙasa. Duk mai ƙafa ya yi tsalle ya tsira, ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Wasmiyya ce kaɗai ba ta iya gudu ba. Ƙarfen ya sauka a kan fiffikenta.

Na naɗe ta a rawanina na yi asibitin shaho da ita. An ɗora ƙashin amma ya warke a karkace. Tana nan da rai, tana cin nama a hannuna, in ta ji ƙarar mota za a fita farauta sai ta buɗe fiffike ɗaya ta faɗo daga turke. Wallahi Ummu Rakan duk ranar da na ga haka ba na iya cin abinci.

Da Mutlaƙ ya zo ya ce mini “Na yi kuskure, ka yafe,” da tuni na yafe. Bai ce ba. Cewa ya yi ƙaddara ce, a gode wa Allah da ta tsaya a kan kaza. Kaza! Daga nan ya laƙaba mini suna Abu Rumfa, har yaran dangi sun ɗauka. A majalisa in hira ta yi sanyi sai ya cire rawaninsa ya rungume, ya riƙa zagaya ɗaki yana kwaikwayon yadda na gudu ina hawaye, mutane suna riƙe ciki. Ni ma dariyar nake yi, amma Allah Ya san abin da nake haɗiyewa.

Za ki ce me ya hana ni tarar shi. Mahaifiyarsa ce, Inna Wadha. Uwata ta rasu ina jariri, ita ta shayar da ni tare da shi, ta goya ni kamar nata. Yanzu ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi, inda aka zaunar da ita da safe nan take wuni sai an zo mutum biyu an ɗaga ta. Ba na so ta ji 'ya'yanta biyu suna faɗa a ƙarshen rayuwarta. Don ita na yi shiru, shi kuma ya ɗauka tsoro ne.

To yanzu faɗuwa ta zo daidai da zama. Mutlaƙ ya sayi sabon karafan da rumfa wadda ta fi tawa girma, wai bana duk gidansu zai kwashe zuwa hamada su sha iska, kuma zai yi walimar ɗansa da ya gama makarantar soja. Ni kuwa bayan abin da ya same ni na tsaya a kan mai gyara har na koyi aikin kafa rumfa ciki da bai, duk dangi ni suke kira. Shekaranjiya ya bugo mini waya, ba kunya ba tsoron Allah: “Abu Rumfa, ranar Alhamis ka zo da kayan aikinka, tunda yanzu kai ne malamin.” Na ce masa an gama.

Sukurorin nan nasa ina da su. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya daga cikin rairayi a ranar, suna cikin gwangwanin shayi a motata. Da su zan kafa masa tasa. Zan yi aikin ya yi kyau a ido, in daki rumfar in ce masa ko raƙumi ya rataya ba za ta motsa ba, sannan in koma gefe in jira shamal. Ina so in ga fuskarsa a gaban baƙinsa. Ina so in ji wane suna yara za su sa masa. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ni ban ma nemi ƙari ba, abin da ya auna mini shi zan auna masa. Tambayata ita ce: in da kayansa na yi, irin aikinsa na yi, iska kuma ta Allah ce, ina laifina?

Naki,
Mai Jiran Shamal

Wa alaikumus salam ɗan'uwana. Allah Ya ba Wasmiyya sauƙi, kai ma Ya sanyaya maka zuciya. Ba zan ce maka tsuntsu ne kawai ba. An cuce ka sau biyu, na farko da ganganci, na biyu da izgili, kuma na biyun ya fi muni. Mutumin da ya jawo maka asara sannan ya mai da hawayenka abin wasan majalisa yana da haƙƙinka a wuyansa, wannan babu tantama.

Amma tunda adalci kake nema, bari mu auna duka. Mutlaƙ bai tashi da niyyar karya tsuntsuwarka ba, jahilci ne da cika baki. Kuma sau uku aka ba ka zaɓi, a shago, a wajen kafawa, da lokacin da iska ta taso, sau ukun tsoron bakin mutane ya rinjaye ka. Kakanku bai sauke tanti a kan baƙo ba domin tantinsa yana da turaku da igiyoyi ta kowane gefe. Rumfar da ke rataye a bango ba haka take ba, karamcin da za ka yi wa baƙo shi ne ka naɗe ta ka shigar da shi ciki. Ban faɗi wannan don in ƙara maka ciwo ba. Ina zargin wani kaso na wutar da ke cinka haushin kanka ne, kuma rumfar Mutlaƙ ko sau goma ta faɗi ba za ta kashe wannan ba.

Ka tambaya ina laifinka. Shi ya yi bai sani ba, kai za ka yi kana sane, ka ga ba abu ɗaya kuka auna ba ke nan. Kada ka kai waɗannan sukurori kusa da bangonsa.

Ban ce ka ci gaba da haɗiyewa ba, haɗiyewar ce ta kai ka nan. Ka je majalisa kafin Alhamis, lokacin da dattawan gidanku suke zaune. In an miƙo maka gahawa ka ajiye ta a ƙasa kada ka sha, kowa ya san ma'anar wannan ita ce da buƙata ka zo. In sun tambayi buƙatarka, ka zazzage gwangwanin nan a kan darduma su ga tsawon abin da aka rataya maka mita shida da shi. Ka faɗi magana a taƙaice ba zagi: kana son ya amsa kuskurensa a inda ya saba kwaikwayonka, kuma sunan nan ya mutu daga yau. Mai son a yi dariya ba abin da yake tsoro kamar majalisa ta yi tsit a kansa. In ramuwa kake so, ga ta nan, da rana tsaka, da sunanka a kai. Kada kuma ka fake da Inna Wadha. Matar da ta shayar da ku biyu ta san halin kowa, za ta iya ɗaukar labarin cewa kun yi magana mai zafi.

In ya ba ka haƙuri, ka kafa masa rumfar yadda ka koya: a nemo haƙarƙari, a huda, a sa faifai da noti, a toshe ramuka saboda ruwa, a ƙara mata ƙafafu da igiyar turke tunda babba ce, shi kuma ya riƙe maka tsani yana kallo. In ya ƙi, ka ce masa ba za ka yi ba, ya kai wa masu shago, kuma ka gaya wa ɗansa sojan nan ya tabbatar an kai.

Yanzu ka koma ka karanta wasiƙarka da kanka. Kai ka rubuta cewa ranar da taka ta faɗi duk mai ƙafa ya tsira, wadda ba ta iya gudu ce ƙarfe ya samu. Kai ka rubuta cewa bana duk gidansu za a kwashe zuwa hamada. Mutlaƙ ƙafafunsa lafiya lau, zai yi tsalle kamar yadda ya yi bara. Wa kake zaton za a zaunar a wannan inuwar tun safe, wadda ba ta tashi sai mutum biyu sun ɗaga ta?

Allah Ya kiyaye mana ita, Ya karɓar maka haƙƙinka ta hanyar da ba za ka yi kuka a bayanta ba. A shafa mini kan Wasmiyya.

Ummu Rakan