Labulen da Babu Shi a Kantin Kwari

Anti Saudatu, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Aurena ne yake neman lalacewa a kan labule, kuma labulen ma babu shi a duniya.

Ni mai zanen gidaje ne a nan Wudil. Tun da kowa ya tashi gini, masu gida sun daina yarda da zanen layi-layi, sai ka nuna musu hoton gidan a kwamfuta kamar an gama shi, har da kujeru da fitilu. Bango da tayil ba sa ba ni wahala, labule ne ya hana ni sakat. In na sa manhajar da nake zane da ita ta bar haske ya ratsa shi, sai ya koma kamar leda, ana hango komai. In na rage, sai ya tsaya ƙiƙam kamar kwanon rufi. Labulen gaske kuwa rana tana shiga jikinsa ya haska, amma ido ba ya wucewa, kuma inda ya nannaɗe ya fi duhu. Wannan ne ya gagare ni.

Sai na riƙa gwaji da falon ɗan gidan da nake ginawa, inda za mu zauna da Rahmatu, wadda zan aura, bayan Babbar Sallah. Na ɗauki hoton wani tsohon gyalen mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, mai ruwan zuma da ƙananan furanni, na ɗora zanensa a kan labulen, na yi ta ƙara haske ina ragewa har Allah ya ba ni sa'a. Anti, ranar da hoton ya fito, hasken hantsi yana ratsa labulen yana zuba a kan tayil, sai da na yi ƙwalla. Don murna na buga shi a takarda mai ƙyalli, na tafi da shi zance. Abin da na ce wa Rahmatu kawai shi ne ga falonmu.

Ita kuma ta nuna wa Gwaggo Talatu, ƙanwar babanta, wadda take haɗa mata kayan ɗaki, kuma ita za ta jagoranci jere. Gwaggo ta ɗauka saƙo ne, wato ango ya aiko da irin labulen da yake so. Ta sa hoton a jaka ta shiga Kantin Kwari, ba layin da ba ta bi ba. Har wata mai zuwa Dubai ta ba wa kwafi. Wani ɗan kasuwa ya ce mata irin wannan yadi sai gidan minista. Haka ta koma garinsu Darki da kumburarrun ƙafafu.

Yanzu baban Rahmatu, Malam Ya'u, ya aiko wa waliyyina Baffa Halliru cewa su talakawa ne, amma ba a taɓa zaɓa wa 'yarsu kayan ɗaki ba, don haka a ɗaga biki har su sami abin da ya dace da gidana. Baffa ya wanke ni tas. Na ce masa labulen a cikin kwamfuta kawai yake, ya ce in daina raina masa hankali, ta yaya za a ɗauki hoton abin da babu shi. Rahmatu ta daina ɗaga wayata.

In na ce babu labulen, na mai da Gwaggo wadda ta yi yawon banza, kuma za a ce sana'ata ƙarya ce. In na sayo mai kama da shi na aika, na ce sun gaza ke nan. In na yi shiru, biki ya tafi. Kuma ba wanda ya san gyalen Inna ne, ni kaina ban san dalilin da ya sa na kasa faɗa ba. Wallahi ina son yarinyar nan. Ta ina zan fara?

Mai zane, Wudil

Ɗana mai zane, na karanta wasiƙarka na yi dariya, daga baya na tausaya maka.

Gwaggo Talatu ba ta yi wauta ba. Kai gwajin haske ka gani, ita kuwa ɗakin amarya ta gani an yi masa jere kafin masu jere su zo. Gina gida naka ne, abin da za a rataya a tagarsa nasu ne, kuma a nan ne dangin amarya suke nuna cewa 'yarsu tana da gata. Matar da ta taka Kwari har ƙafarta ta kumbura don kada a raina 'yar yayanta, girmamawa ta cancanta. Kai ma ba ka yi da niyyar cin fuska ba, ɗokin aiki ne ya hana ka faɗin jimla ɗaya da ta kamata ta raka hoton.

Kada ka sayi labule, kuma ka bar dogon bayanin kwamfuta, ka ga yadda ta ƙare da Baffanka. Ɗauko gyalen ka ajiye masa kusa da hoton, zai gane da idonsa. Sannan shi ya je wurin Malam Ya'u ya ba da haƙuri, don wannan maganar manya ce. Gwaggo kuwa ka nemi wata dattijuwa a danginku ta raka ka, ka durƙusa ka gaishe ta, ka miƙa mata gyalen ta ɗaga shi a bakin taga. Ka ce mata duk labulen da ta zaɓa shi za a rataya. Wannan maganar sai ka cika ta, ko da ja ta kawo mai kaurin bargo.

Sana'arka ba ƙarya ba ce, amma daga yau duk yadin da za ka sa a hoton gidan wani, ka tabbata mai gidan zai same shi a kasuwa.

Ka ce ba ka san abin da ya hana ka faɗa ba. Ni ina ganin na sani. Kana gina ɗakin da mahaifiyarka ba za ta shiga ba, shi ya sa ka rataye gyalenta a tagar. Wannan ba abin kunya ba ne, kuma Rahmatu ce ta fi cancanta ta fara jin sa daga bakinka.

Allah ya jiƙan Inna, ya huci zuciyar surukanka, ya nuna mana bayan Sallah lafiya.

Anti Saudatu