Wayar da Baffa Ya Narkar

Sheshe, cikin birnin Kano

Zuwa ga Yaya Sani a Kumasi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya kasuwa? Ina Yaya Binta da yara? Mu nan, Inna da kowa, lafiya lau, alhamdu lillahi.

Bayan haka, takarda ta zo, an ɗauke ni makarantar koyon aikin lantarki a Ikko. Amma ji abin da Baffa Ilu ya yi mini. Mako uku na yi ina naɗa wayar jan ƙarfe don ɗan injin da zan nuna wa malaman can. Ranar Talata na dawo na tarar ya warware ta, ya narkar a maƙera, ya yi munduwa biyu. Da na yi magana sai ya ce, "Jan ƙarfe mai kyau haka a bar shi nannaɗe kamar zare? Gidan maƙera ne nan. Bar shirmen nan, zo ka kama zugazugi."

Ban ɗaga masa murya ba, amma ban kama ba. Na samo wata wayar wajen mai gyaran rediyo, na zauna a zaure, a gaban idonsa, na sake naɗi daga farko. Kada ka rubuto ka ce in haƙura, Yaya. Inna ta sa mini albarka, jirgin Asabar zan hau.

Ka sa ni a addu'a, ka gaishe da mutanen zango. Ga munduwa ɗaya nan na aiko wa Yaya Binta. In ta sa, ta sani wahalata ce ta mako uku a hannunta.

Ƙaninka,
Habibu