Lamba Goma Sha Bakwai

Litinin, 6 ga Oktoba

Saura kwana goma sha takwas a buɗe bikin fina-finan nan nawa, karo na uku. Na ce nawa, don in na ce namu sai in waiwaya in ga ba kowa a bayana. Fim ashirin da biyu suka shigo bana, bara talatin da ɗaya ne. Tun da ƙungiyar masu shirya fim ta fitar da takarda cewa duk ɗanta da ya kawo mana aiki za a dakatar da shi, kowa ya ja jikinsa. Waɗanda a da har rusunawa suke yi suna cewa "Hajiya edita", yanzu da sun hango ni sai kira ya shigo musu a waya.

Dokata tana nan yadda na kafa ta. Fim ya zo babu suna a kansa. Mai gadin zauren da muke haya shi ke karɓar filash da ambulan, ya rubuta lamba ɗaya a jikin kowanne. Sunayen suna cikin ambulan, kuma ba a buɗe shi sai an gama nuna fim, a gaban jama'a. Na gaji da masana'antar da ake tambayar "na wane ne" kafin a kalla.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na kalli shida. Huɗu kwaikwayon abin da muke gudu ne: attajiri, falo mai kujeru masu ruwan zinariya, kuka, waƙa, a sake kuka. Yara ne suka yi, amma sun haifi tsoffin fina-finai. Na yi ta masifa ni kaɗai har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ta ce ko lafiya.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ban yi magana da kowa ba yau. Sai mai kawo ruwa, shi ma farashi ya faɗa.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na je gaida Inna da ƙarfe huɗu, kamar kowace Lahadi. Yaya kuwa da safe yake zuwa. Ba wanda ya tsara mana haka, mu muka raba ranar kamar gado. Na tarar da kofin shayinsa a kan tebur ba a ɗauke ba. Inna ta ce, "Auta, ku biyu kaɗai Allah ya ba ni, sai in riƙa ganinku ɗaya-ɗaya kamar masu layin asibiti?" Na ce ai shi ya daina ɗaga wayata. Ta ce, "Ke kuma bakinki fa?"

Bakina. Shekara biyu ke nan. Shekara goma sha ɗaya ina edita a kamfanin Yaya, shi yana ba da umarni, ni ina yanka ina haɗawa. Da na bar shi na fara bikin nan, aka gayyace ni rediyo. Na ce shekara ashirin fim ɗaya ake yi mana, riguna kawai ake canzawa. Mai shirin ya ce in ba da misali. Bakina ya riga hankalina, na ambaci fim ɗin Yaya, wanda ni na haɗa shi da hannuna. Har yau ina ganin gaskiya na faɗa. Sai dai gaskiyar ba ta zuwa gaishe ni in ba ni da lafiya.

Talata, 14 ga Oktoba

Lamba goma sha bakwai.

Minti arba'in da uku. Wani tsohon direban bas ne da kwandastansa ya bar aiki. Shekara da shekaru ya saba ba ya tashin mota sai ya ji an bugi jikinta sau biyu. Yanzu fasinjoji sun cika, suna ta mita, shi kuwa yana zaune riƙe da sitiyari yana jiran bugun da ba zai zo ba. Ba waƙa ko ɗaya. Na manta da shayina har ya huce.

A minti na talatin da ɗaya, direban ya gama kallon madubi, hoton ya tsaya kaɗan. Sai na ji a cikin abin kunne, can bayan kyamara, an yi gyaran murya. Gajere, sau biyu, na biyun ya fi ƙasa. Na mayar, na sake mayarwa, ya fi sau goma.

Yaya ne. Haka yake yi kafin ya ce a tsaya, kullum, shi kansa bai san yana yi ba. Shekara goma sha ɗaya ina cire masa wannan gyaran muryar a ƙarshen kowace ɗauka, ban taɓa gaya masa ba don kada ya ji kunya. Duk editan da ya san aikinsa zai cire. Ke nan da kansa ya zauna ya haɗa, mutumin da ko maɓallin ajiye aiki sai ya kira ni in nuna masa.

Na rufe kwamfuta na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Laraba, 15 ga Oktoba

Me yake nufi? Gwada ni yake yi? In na ɗauka ya ce ga mai tsaurin ido ta bi jini. In na ƙi ya ce dama ƙiyayya ce. Ko kuma ba ruwansa da ni, fim kawai ya yi ya rasa inda zai kai shi, tunda a masana'antar ba mai sayen fim ɗin da babu rawa.

Kuma fim ɗin ba cikakke ba ne. Rabin ƙarshe ya ja, ya tsorata da shiru ya cusa kiɗa, sannan ya sa direba ya yi ta bayanin abin da muka riga muka gani. Minti goma sha uku na banza. Hannuna har ƙaiƙayi yake.

Direban da kwandasta ya tafi ya bari. Ban ce da ni yake ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Zaman alƙalai a zaure. Mu uku ne: ni, da Malama wadda ta yi ritaya daga koyarwa, da Mai Hoto, wanda bai taɓa yabon komai ba sai kyamararsa. Da muka zo kan sha bakwai, Malama ta ce a nuna. Mai Hoto ya ce ƙarshensa ya yi kama da wa'azin mai gyangyaɗi, a ajiye. Suka juyo gare ni.

Na ce na gane hannun mai shi, don haka ba zan jefa ƙuri'a ba. Mai Hoto ya ce to ɗaya da ɗaya, kuma a dokarki in an yi kunnen doki fim ya fita. Haka ne, ni na rubuta.

Malama ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "'Yata, kin kafa dokar nan don kada suna ya ɗaga fim. Yau ga suna zai kashe fim. A wane minti kika gane shi?" Na ce talatin da ɗaya. Ta ce in miƙo littafina. Ta san al'adata, ba na kallon fim ba biro a hannu, ina rubuta minti da abin da na gani. Ta buɗe ta karanta da ƙarfi: "Minti ashirin. Wannan ya san abin da yake yi. A nuna ranar Asabar." Ta ce ƙuri'ar ke nan, an jefa ta tun ba a san kowa ba. Mai Hoto ya yi tsaki ya ce shi dai ya faɗi nasa.

Ba su tambaye ni ko wane ne ba. Na so su tambaya.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Sai yau abin ya faɗo min sosai. Ranar Asabar ni zan tsaya in buɗe ambulan in karanta sunansa a gaban mutane, kuma ƙungiya ba ta rasa mai kai mata labari. Za su dakatar da shi. 'Yan wasa ba za su zo masa ba, masu kyamara ba za su ba shi haya ba. Na taɓa zubar masa da mutunci a rediyo, yanzu kuma in raba shi da sana'arsa da bakin nan dai.

A gidan Inna na kasa cin abinci. Ta ce ko zazzaɓi ne, na ce aiki ne.

Litinin, 20 ga Oktoba

Na rubuta saƙo na goge ya fi sau bakwai. A ƙarshe na tura: "Yaya, ina wuni. Lamba 17 ranar Asabar ƙarfe uku. Ana buɗe ambulan a gaban jama'a. Mai shi yana iya janyewa kafin Alhamis, ba wanda zai sani." Ya karanta, na ga alama.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ba wanda ya janye.

Ni da mai gadi muka toshe tagogin zauren da kwalaye da tsofaffin barguna, tunda da rana muke nunawa. Kujera tamanin muka jera. Ya ce, "Hajiya, ba su yi yawa ba?" Na ce ya jera kawai.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Ranar farko. Mutum goma sha tara, har da wasu biyu da suka shigo fakewa ruwan sama. Majigi ya mutu sau ɗaya. Na yi jawabin da na kwana uku ina gyarawa, kan yadda masana'antarmu ta tsaya cak, ga kujeru sittin da ɗaya suna saurarona da ladabi.

Asabar, 25 ga Oktoba

Bari in rubuta tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Mutum kusan arba'in. Na duba kowace fuska kafin a kashe fitila, ba ya nan. Na ce madalla, kuma raina ya ɓaci, duka biyun.

Na zauna a baya kusa da majigi. Da direba ya ƙi tashin mota, wata mata ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya mata a wuya. Wani dattijo a gabana ya ɗaga hannu ya bugi jikin kujera sau biyu, a hankali, kamar zai taimaka masa. Ashe ba ni kaɗai fim ɗin ya kama ba.

Minti talatin da ɗaya. Gyaran muryar ya fito daga sifika, ba wanda ya kula. Ni kuwa kamar an kira sunana. Jiya fayil ɗin yana hannuna, cirewa ba za ta ɗauke ni daƙiƙa biyar ba, amma ba fim ɗina ba ne.

A rabin ƙarshe mutane suka fara duba waya, daidai inda na san za su duba. Aka gama, aka yi tafi madaidaici. Mai gadi ya kunna fitila ya miƙo min ambulan. Wajen buɗewa na yaga gefen takardar. Rubutunsa ne, mai kwanciya gefe. Na karanta sunan mai ba da umarni, zauren ya ɗauki ƙus-ƙus. Na karanta mai ɗaukar hoto, da 'yan wasa. Layin ƙarshe na kasa karantawa. Ya rubuta: "Edita: babu."

Na ce in mai fim yana nan ya tashi. Sai daga can bakin ƙofa, bayan bargon da muka rataya, na ji gyaran murya, sau biyu. Ya fito da hularsa a hannu. Ya rame, furfura ta cika masa gemu, ba wanda ya gaya min. Wani ɗalibi ya tambaye shi me ya sa ya kawo fim nan alhali ya san hukuncin ƙungiya. Ya ce, "A can ba wanda zai gaya min in ya yi muni." Bai dube ni ba, ni ma takarda na yi ta kallo.

Kafin in sallami mutane ya tafi.

Talata, 28 ga Oktoba

Sun dakatar da shi wata shida. A waya na gani, kamar kowa.

Na kwashe barguna, na mayar da kujeru. Ɗakina ya yi tsit.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Na je gidan Inna ƙarfe huɗu, na ga takalmansa a ƙofa. Na kusa juyawa. Inna ta yi kamar ba ta ga komai ba, ta shige kicin tana ta buga tukwane.

Na durƙusa na ce, "Yaya, ina wuni." Ya ce lafiya. Muka zauna muna kallon bango. Can ya tura min wata 'yar jaka ta kan tebur, duk hotunan fim ɗin da ya ɗauka ne a ciki, ɗanye ba a yanka ba. Ya ce, "Auta, minti arba'in da uku ne. Nawa ya kamata?" Na ce talatin. Ya ce, "Ke dai ba ki da tausayi." Na ce kiɗan nan ma duk zai fita. Ya ce ai shi ya sa bai nemo mai tausayi ba.

Ban ba shi haƙuri kan rediyo ba, shi ma bai tayar ba. Na dai ɗauki jakar.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ban ce na karɓi aikin ba. Buɗewa kawai na yi in gani. Zuwa azahar na sauke minti tara.

Na zo kan gyaran muryar, na sa alama zan yanke, sai na tashi na ɗora ruwan shayi. Yana nan dai. Gobe na cire, ko jibi.

Kujerar da Yaya yake zama a kai in muna aiki tana ƙarƙashin kwalayen biki tun da na tare a nan. Na sauke kwalayen ne don ƙura ta yi yawa. Ya ce wai zai biyo ta unguwar nan gobe da ƙarfe goma.