Ka Hana Baba Komawa Dauran

Ƙaura Namoda,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga ƙanena Shamsuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya sa albarka a karatunka na ilimin yanayi. Inna Iyatu ta ji sauƙin ƙafarta, yara kuma lafiya lau. Baba ne dai ya hana mu kwanciyar hankali.

Ka tuna da ya tambaye ka a waya ko ya yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa? Ka ce masa duniyar gwajin da ke cikin kwamfutarka babu dutse babu itace, iska ce kawai hawa biyu, ta sama tana tsere wa ta ƙasa, sanyi da zafi suna ture juna har su haifar da guguwa. Ka ce ma irin wannan ta ƙasashen sanyi ce, ba za ka iya cewa komai a kan Zurmi ba. Gaskiya ka faɗa, malam mai iska, amma shi abin da ya riƙe kawai shi ne ɗansa bai hana shi ba.

Ya tafi gonarmu ta Dauran, can ƙasar Zurmi, ya binne rabin irin geron da muka tsira da shi ranar da muka gudo. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, sai iska ta yage kansa ta watsar. Yayyafi kawai aka samu. Iri ya tsiro, rana ta ƙone shi.

Yanzu ya ce zai koma da sauran. A hanyar Dauran ɗin nan 'yan bindiga suka ɗauke maƙwabcinmu Muhtari, har yau ba labarinsa. Na roƙi Baba, na yi kuka, ya ce irin kakansa ba zai ƙare a cikin buhu ba. Wallahi tsoro nake ji.

Inna da yara, Muhsina da Alamin, suna gaishe ka. Ka gaida matarka Bilkisu.

Maganarka kaɗai yake ji. Ka kira shi kafin hadari ya sake haɗuwa, ka ce ka duba, bana ba ruwa a Dauran. Na san karatunka bai ce haka ba, kuma ba ka taɓa yi masa ƙarya ba. Ka yi wannan, alhakin a wuyana.

Taka yayarka,
Asiya.