Abin da Baturiya Ta Kira Ni

Tsiga, Asabar

Zuwa ga jikata Kausar,

Bayan gaisuwa. Tanimu tela ke rubuta mini, don wayar nan na jefa ta rumbu.

Ke kika ɗauke ni a waya ranar gayya ina cilla galma sama ina cafewa, kika watsa wa duniya. Yanzu abokin wasana Maitama na yawo da ni a kasuwar Bakori, wai wata Baturiya ta rubuta "lithe" ƙarƙashin hotona, ya ce ma'anarsa tsohon da ya rasa mai tsawata masa. Maitama fa, da ko sunansa ba ya iya karantawa! Ubanki ya ji, ya ce na zubar masa da mutunci, bana mai tarakta zai ba gonata, ni in zauna a tabarma.

Na kasa zaune, na kasa tsaye. Me matar ta ce? In zagi ne, kada ki tako gidana da Sallah.

Kakanki,
Baƙo

Funtua, Talata

Angona,

Ina gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Fushi da amarya har da wasiƙa?

Na duba, na kuma tambayi malamarmu. Yabo ne. Ana faɗarsa ga jiki marar nauyi mai lanƙwasa da kyau, kamar kyanwa in ta diro daga katanga, ko karan dawa cikin iska. Na karanta wa Baba, ya ce in kana iya huɗa kadada guda bana, gonar taka ce. Don Allah kada ka biye masa, na ga yadda ka dafe ƙugu bayan an daina kiɗa.

Ka huta lafiya,
Kausar

Tsiga, Juma'a

Kausar,

Na amsa gaisuwa. Ƙuguna ba ruwanki.

Baturiyar nan ba ta ga komai ba. Da ta ga marigayiya kakarki Marka tana tsallake kunya da ƙwaryar fura a ka, ta sunkuya ta tsinki yakuwa ko ɗigo bai zuba ba, da ta san mai kalmar. Don ta kalle ni na koyi cilla galma.

Jiya na tare Maitama a bakin masallaci, na ce ni "lithe" ne, shi buhun masara.

Gaya wa ubanki gobe zan fara huɗa. Ki zo da Sallah. Ki taho da man zafi, ki naɗe shi cikin zane kada Maitama ya gani.

Wassalam,
Baƙo